Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Aikin Jin Daɗin Jama'a Shiga Gidan da Ba Nasu Ba

Ɗalibin aikin kula da jin daɗin jama'a, abin da a nan Sudan ake kira hidima ijtima'iyya, zai iya cin jarrabawa da maki mai kyau, amma ranar farko da aka tura shi unguwa ya kasa wuce zaure. Ya zo da tsakar rana, ya yi sallama sau ɗaya, ya zaro takarda ya tambayi maigida sunan matarsa da shekarunta a gaban maƙwabta. Aka ba shi ruwa, aka ce masa kowa lafiya lau, aka taka masa zuwa bakin hanya. Ya koma ofis ya rubuta cewa iyalin sun ƙi ba da haɗin kai.

Wannan bayani na malaman da ke koyar da irin waɗannan ɗalibai ne, da masu duba su a wurin koyon aiki, musamman inda Hausawa ke da yawa: Mai Wurno da Sinnar, Gadarif, Kasala, Damazin, Bur Sudan, da kanabin Jazira, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona da ake ce wa ɗayansu kambo. Abin da ake son koyarwa shi ne iya aiki cikin al'adar mutane. A wurinmu sana'a ce irin ɗinki ko ƙira: a yi, a kuskure, a gyara, a sake. Saboda haka a zangon karatu mai mako 14, sa'a 3 kowane mako, kada lacca ta ci fiye da sa'a ɗaya. Sauran biyun na gwaji ne. Aji kada ya wuce mutum 30, domin za a riƙa raba su uku-uku, kuma malami ɗaya ba ya iya zagaya fiye da rukuni goma.

Kada a fara da jerin ƙabilu

Hanyar da ta fi sauƙi ga malami ita ce ya ware mako guda ga kowace ƙabila: yau Hausawa, jibi Hadandawa, wani mako Nuba. Ɗalibi ya haddace cewa waɗannan suna kulle mata, waɗancan suna son jabana, wato kofi. Wannan hanya tana haifar da ma'aikacin da ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya yi sallama. Ya shiga gidan Bahaushe yana jiran ganin kulle, sai ya tarar matar gidan malamar makaranta ce kuma ita ke riƙe da gidan, ya rasa ta inda zai fara. Likitoci biyu a Amurka, Melanie Tervalon da Jann Murray-García, sun yi wannan gyara a 1998: ba wanda ke ƙure sanin al'adar wani, abin da ake koya shi ne tawali'u da iya tambaya. Bahaushe ya riga su faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka mako biyu na farko ɗalibi gidansu zai bincika. A ba kowa tambayoyi biyar ya amsa a shafi biyu: idan yaro ya kwana da zazzaɓi a gidanku, wa ake fara faɗa wa? Wa ke ba da izinin tafiya asibiti, wa ke biyan kuɗin? Wace magana ce ba a yi a gaban baƙo? Wa ba ya ambatar sunan wa? Me ake cewa a gidanku game da mutanen unguwar da ke kusa da ku? Tambaya ta biyar ba a karanta amsarta a aji da sunan mai ita. Malami ya tattara takardun, ya cire sunaye, ya karanto wasu. A nan ne ɗalibai ke gane cewa kowa ya taso da wata magana a kan wasu, kuma da ita zai shiga gidajen mutane idan bai san tana nan ba.

Ka'idoji biyu tun ranar farko. Ba a tsayar da ɗalibi a ce ya yi magana da bakin ƙabilarsa. Kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗalibai da yawa su ma 'yan gudun hijira ne. Duk wanda gwajin ya taɓo masa tabon da bai warke ba, yana da damar fita ba tare da ya yi bayani ba.

Tarihi da takardu

Mako biyu sun isa, amma ba a tsallake su. Ɗalibin da bai san dalilin da ya sa dattijo ke tsuke fuska idan an ce "asalinku daga ina?" ba, zai yi ta yin tambayar yana ganin hira ce. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutanen yamma a Sudan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya iso da jama'arsa bakin kogi kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya jawo ƙarin masu ƙwadago, da yawa suka zauna a kanabi ba tare da gonar kansu ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen 1897. Dokar 1994 ta dawo da iyakar zuwa 1956. Iyalai da yawa sun sha wuyar neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, tsakanin waɗannan shekaru, kuma jikokinsu ba su manta ba. Ga kuma rikicin jihar Nilul Azraƙ na Yuli da Oktoba 2022, wanda ya taso a kan ƙasa da sarautar gargajiya, ya raba dubban mutane da gidajensu.

Daga nan ka'idojin aiki suke fitowa. Kalmar Fallata ana yafa ta a kan Fulani, Hausawa, Barebari da Zabarmawa gaba ɗaya. Wani ya karɓe ta, wani zagi yake ji. Haka Takari. Ɗalibi ya bar mutum ya faɗi sunan da yake kiran kansa da shi, kuma kada a rubuta ƙabila a fayil sai in aikin ya buƙata, misali don neman tafinta. Batun takardu kuma a koya masa ya zo da shi a matsayin taimako: "Baba, yaran duk sun samu raƙam waɗani, ko akwai wanda za mu taya ku nema masa?" Raƙam waɗani ita ce lambar ɗan ƙasa. Ya san hanyar: takardar haihuwa, takardar ƙiyasin shekaru ga wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, shaida daga dangin uba. Yaron da ba shi da lamba yakan gamu da cikas wajen jarrabawa, gidan kuma wajen shiga inshorar lafiya ko rajistar Diwanin Zakka. Sau da yawa abin da aka rubuta a fayil da sunan "al'adarsu ce ba sa zuwa asibiti", rashin takarda ne da kuɗin mota.

Ƙofar gida

Nan ne ya kamata a daɗe, aƙalla mako uku. A share tsakiyar aji, a shimfiɗa tabarma, a rataya zane a matsayin labule. Rukunin mutum uku: ɗaya ma'aikaci, ɗaya mai gida, ɗaya mai lura da takarda a hannu. Minti 12 na gwaji, minti 8 na gyara, sannan a juya. Mai lura ba ya cewa "ka yi kyau". Yana faɗin abin da ya gani: ka zauna kafin a ce ka zauna, ka fito da biro a minti na biyu, ka katse Inna sau uku.

Kafin ziyara, a san lokaci. A Gadarif idan riɗi ya nuna wajen Oktoba ba ya jiran kowa, kwanson ya fashe ƙwayar ta zube, saboda haka maza suna gona har dare. Wanda ya sa ranar taro a lokacin, kujeru zai tara. Da hantsi ana faɗur, wato karin kumallo, da azahar ana hutu, ranar Juma'a ba ranar takarda ba ce. Da azumi bayan tarawihi ya fi. A gidan da ake kulle, mata sun fi sakewa da baƙuwa bayan la'asar ko da dare. A fara kuma gaida shehun unguwa ko umda, amma kada a faɗa masa abin da ya kawo ka gidan wane. "Muna zagaya gidaje ne a kan sha'anin yara" ya wadatar. Kada kuma a yarda ya haɗa ka da ɗan rakiyar da zai zauna a cikin hirar.

Sallama sau uku, da tazara, daga gefen ƙofa ba tsakiyarta ba. Namiji ya tsaya a zaure ko diwan har a ce ya shigo. In ba a ce ba, aikinsa a nan yake, abokiyar aikinsa mace ce za ta shiga ciki. Shi ya sa ake tura ɗalibai biyu-biyu, mace da namiji, su haɗa abin da suka ji daga baya. Sau da yawa labarin zaure da na tsakar gida ba sa zama ɗaya, kuma bambancin shi ne abin dubawa. Namiji ba ya miƙa wa mace hannu sai in ita ta miƙo. A cire takalmi kafin tabarma. Kada a zauna a kujera dattijo yana ƙasa.

Gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce, ita ce rabin aikin. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, yaya muka ji da wannan hali. Ɗalibai kan yi ta da gudu kamar masu biyan bashi. A sa musu agogo: minti biyar na farko ba takarda, ba biro, ba waya. Abin da aka kawo na sha a karɓa da hannun dama a kurɓa ko kaɗan ne. A gidan Hadandawa ko Bani Amir, inda za a soya bunnu a daka a gabanka, wanda ya fara zancen aiki kafin a zuba finjalin farko ya nuna ba shi da tarbiyya. Kira kuma da girmamawa: Baba, Inna, Malam, Hajiya, ko da Larabci ya Hajja, ya Ammi. Ba a kiran sa'ar uwa da gatsal ɗin sunanta ko da shi ne a rubuce a fom.

Sai alkunya, wadda ke kayar da ɗalibai da yawa. Mace ba za ta faɗi sunan mijinta ba, za ta ce maigidan ko Malam. Wata ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma yana hannun kakarsa. Ɗalibin da bai sani ba zai rubuta "babu shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa". A koya masa ya nemi sunan daga wani yaro ko daga takarda, ya kuma lura da wa ke ajiye wa yaron abinci idan ba ya nan. Amarya ba ta magana a gaban surukarta. Matashin da ya sunkuyar da kai ladabi yake yi, ba ƙarya yake ɓoyewa ba. Kuma "to" ba yarda ba ce. "To, in Allah ya so" kan iya zama a'a mai ladabi. Kafin a tashi, a tambaya: "Inna, ranar Talatan wa zai raka ki, kuma da me za ku je?" Idan ba amsa, ba a shirya zuwa ba.

Yanzu iyalai da yawa suna zaune a makarantun da aka mai da matsugunin masu gudun hijira, aji guda gida uku ko huɗu, zane ne kawai tsakaninsu. A gwada wannan ma a aji. Zanen nan shi ne ƙofar gida, a yi masa sallama kamar ƙyaure. Maganar sirri kuma ba a yin ta a nan. A nemi gindin bishiya inda ana ganinku amma ba a jin ku.

Wani abu da ake mantawa: ɗalibi Bahaushe ba ya tsira daga wannan darasi. Wanda ya tashi a Kartum, Larabcinsa ya fi Hausarsa, baƙo ne a kambo. Wanda kuma ɗan garin ne, matsalarsa ta fi girma, domin matar da ta san innarsa ba za ta faɗa masa mijinta na dukanta ba. Kada a tura ɗalibi unguwarsu. In ba makawa, ya fara da faɗa a fili cewa abin da ya ji ba zai kai gida ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya kuma ba su zaɓin a turo wani.

Iya tambaya

"Kuna da abinci?" amsarta ɗaya ce: alhamdu lillahi. Mutumin kirki ba ya tallar yunwarsa. A maimakon haka: "Jiya sau nawa aka hura wuta?" "Daren jiya me aka ɗora?" "Yau an karɓo daga takiyya?" (wurin dafa abincin sadaka). Haka "nawa kake samu a wata?" ba ta da ma'ana ga mai gasa agashe ko mai sayar da godogodo, a tambayi cinikin jiya da na ranar da kasuwa ta ƙi. A ba ɗalibai fom ɗin da ofis ke amfani da shi, kowane rukuni ya juya tambayoyi goma zuwa yadda za a iya yin su a kan tabarma.

A kan ciwo da damuwa, tambayoyin da likita Arthur Kleinman da abokan aikinsa suka tsara a 1978 suna nan da amfaninsu, in an sa su a bakin mutane. Ku me kuke kiran wannan abin? Me kuke ganin ya kawo shi? Me ya sa sai a lokacin nan ya taso? Wa kuka kai shi wurinsa, me ya ce, me ya bayar? Me kuka fi jin tsoro? Me kuke so a yi? Amsar na iya zama iska, sammu, kambun baka, ko maita. Aikin ɗalibi a nan ya riƙe fuskarsa. Murmushi ɗaya na raini ya rufe ƙofar. Ba a ce ya gaskata ba, ba a ce ya ƙaryata ba; ya ji, ya rubuta da kalmarsu, ya tambayi nawa aka kashe. Iyalin da suka sayar da akuya don rubutun sha, wanda maƙwabta ke kira mihaya, ko don kiɗan zar, sun nuna maka sun damu da mara lafiyarsu, kuma sun nuna maka wanda suke jin maganarsa. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda wani asibitin ƙwaƙwalwa a Umdurman ke ɗauke da sunansa, ya ga amfanin aiki tare da malamai masu magani maimakon gaba da su. Malamin da aka girmama shi ne zai ce wa iyali su ci gaba da addu'a su kuma sha ƙwayar asibiti.

Tafinta darasi guda ne, amma a yi shi da kyau. Ba a sa yaro ya fassara wa iyayensa, ba a sa miji ya fassara wa matarsa, ba a ɗauko maƙwabci. A zauna da tafinta minti biyar kafin shiga, a gaya masa ya faɗi duk abin da aka ce, ba ragi ba ƙari, ba nasiha daga gare shi. Ma'aikaci ya dubi mai maganar, ba tafinta ba. Jimla biyu, a tsaya. A ware ninkin lokacin da aka saba. Idan mace ta yi magana mai tsawo tafinta ya ce "ta ce ba komai", a nemi ya maimaita dalla-dalla. Aikin gida: ajin ya haɗa ƙamus na kalmomi 40 na damuwa da ciwo da Larabci, Hausa, Fulatanci da harshen Beja. Za su gano cewa "tunani ya yi mini yawa" da "zuciyata ta ɓaci" ba abu ɗaya ba ne, kuma kalmar hauka ko majnun ba ta fita daga bakin ma'aikaci.

A koya musu zana gida a takarda ɗaya: tsatso uku, kishiyoyi da ɗakunansu, 'ya'yan riƙo, wanda ke halwa (makarantar allo), wanda ke Saudiyya yana aiko da kuɗi. A sa alama a kan mai yanke hukunci, wanda sau da yawa kaka ce, habboba, ko baffan da ke wani gari. A gefe a jera abin da gidan ke jingina da shi: adashe ko sanduƙ, gayya ko nafir, masallaci, zawiyya, kwamitin zakka. Riƙo ba yar da ɗa ba ne. Abin tambaya shi ne ko ɗan riƙon yana cin abin da 'ya'yan gida ke ci, yana zuwa makarantar da suke zuwa.

Inda al'ada ke cutarwa

Ɗalibin da aka cika wa kunne da girmama al'ada yakan zarce, ya ga yaro cikin haɗari ya ce ba ruwansa. A ba shi kwanduna huɗu. Mai amfani, a ƙarfafa: hutun kwana arba'in na mai jego, ciyar da ita, zaman makoki da ke hana mai rashi kaɗaici. Marar cutarwa, a bari: laya, tofi, rubutu da ruwa mai tsabta, muddin ba su hana zuwa asibiti ba. Mai cutarwa, a yi aiki a kai. Wanda ba a sani ba, a tambayi likita kafin a buɗe baki.

Rarrabewar tana son ido. Lalle ba ya cutarwa, amma baƙin rinin da ake haɗa shi da shi, sibga, guba ne da ke kumbura maƙogwaro ya lalata ƙoda idan yaro ya sha, kuma asibitocin Sudan sun san shi sarai. Wankan jego da ruwan ɗumi ba laifi, amma yawan kunun kanwa tare da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta, likitoci a Zariya sun danganta su da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Kwallin dutse na iya ƙunsar darma, ba a sa wa jariri. Cire beli, yankan gishiri, da ɗaure mai taɓin hankali da mari, duk kwando na uku ne.

Kaciyar mata laifi ce a dokar Sudan tun gyaran Yuli 2020, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara uku. Gidajen Hausawa da yawa ba su gaji kaciyar fir'auna, wadda ta fi kowace tsanani, ba, amma auratayya da gorin maƙwabta kan shigo da ita, don haka kada ɗalibi ya ɗauka akwai, kada ya ɗauka babu. Ya yi amfani da kalmar salima, wato yarinyar da aka bari yadda aka halicce ta, wadda gangamin da aka fara a 2008 ya yaɗa, maimakon kalmar gori. Maganar kuma da kaka da ungozoma ake yin ta, mace da mace.

Auren wuri ya fi wuya, domin dokokin biyu ba su daidaita ba: Dokar Yara ta 2010 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, dokar iyali ta Musulmi ta 1991 kuma ta bar ƙofar aurar da 'yar shekara 10 da izinin alƙali. Wanda ya shiga da wa'azi za a ce masa to, a ɗaura auren bayan ya tafi. A gwada da ɗalibai su fara gano dalili. Tsoron abin kunya a matsugunin da ba ƙofa? Bashi? An rufe makaranta? Baki ya yi wa tukunya yawa? Kowanne da maganinsa, kuma sai an taɓa dalilin uba ke saurara. A ji ta bakin yarinyar ita kaɗai, ta hannun ma'aikaciya. A nemo wanda uban ke jin nauyinsa, malami ko yayansa, da ungozomar da ta ga abin da doguwar naƙuda ke yi wa ƙaramar yarinya. Ɗalibi ba ya ɗaukar irin wannan shi kaɗai. Ranar da ya ji, ranar zai kai wa mai duba shi.

Judiyya, sulhun ajawid, wato dattawa masu sasanci, tana warware rikicin gona, bashi, da yajin mata fiye da kotu, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya zauna ya kalli guda in an ba shi izini. Amma fyaɗe da azabtar da yaro ba a kai su can. Wadda aka cuta ba ta zama a majalisar, kuma sulhun kan ƙare da biyan kuɗi ko rufa-rufa. Waɗannan na asibiti ne da Sashen Kare Iyali da Yara na 'yan sanda, wanda aka fara a Kartum a 2007. Kowane ɗalibi ya san ofishin da ke aiki mafi kusa da wurin da aka tura shi, domin yaƙi ya tashi wasu ya mai da wasu wani gari.

A gayyato masu abin su koyar: ungozoma, malamin halwa, umda, mai sayar da shayi, dattijuwar kambo. Baƙo ɗaya a zama ɗaya, minti 40 yana magana da harshen da ya ga dama, a biya shi kamar kowane malami da kuɗin motarsa. Ɗalibai su shirya tambayoyi tun kafin ya zo, malami ya tace masu kama da tuhuma.

Rahoto da jarrabawa

A fayil ake gane ko darasin ya shiga. A karɓi rahoton kowane ɗalibi, a ja layi ƙarƙashin duk kalmar hukunci: jahilai, masu taurin kai, ba su waye ba, sun ƙi haɗin kai. Ya sake rubutawa da abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. "Uwa ba ta damu ba" ya koma "uwa ba ta zo ranar Talata ba; ta ce maigida yana gona kuma ba ta fita sai da izininsa; an shirya yi masa magana ranar Asabar da dare". Na biyun ya nuna abin yi, na farkon ya rufe fayil. Ma'aunin shi ne ko ɗalibin zai iya karanta wa iyalin rahoton a gabansu.

Jarrabawar takarda kada ta wuce maki 10 cikin 100. Littafin ziyara, wanda ake rubutawa a ranar kuma mai dubawa ke karantawa kowane mako, 30. Rahoto 20. Sauran 40 na gwajin baki ne: tasha huɗu, kowace minti 10, da mutanen gari da aka shirya su yi kwaikwayon masu gida. Tasha ɗaya shiga gida, ɗaya aiki da tafinta, ɗaya iyalin da suka ce iska ce, ɗaya yaro cikin haɗari. Kowace tasha abubuwa biyar ake dubawa, maki 0, 1 ko 2. Abubuwa huɗu suna kayar da ɗalibi ko nawa ya tara: sa yaro tafinta, fitar da sirri, yin alkawarin taimakon da ba ya hannunsa, da barin yaro cikin haɗari ba tare da kai rahoto ba. Na ukun ya fi yawa, domin ɗalibi mai tausayi yakan ce "za a kawo muku" don ya samu hanyar tashi, wanda ya biyo bayansa kuma shi zai biya bashin.

A takardar maki a bar layi ɗaya ga wanda ya yi kwaikwayon mai gida, a tambaye shi ko zai yarda wannan ɗalibi ya sake dawowa gidansa. Idan biyu daga cikin huɗun suka ce a'a, ɗalibin ya ƙara mako huɗu yana bin ƙwararren ma'aikaci, ba ya magana sai gaisuwa, sannan ya sake tasoshin da wasu masu gidan daban.